Kakana da Sabar da Ya Koya wa Sallama

Na halarci zaman makoki da yawa a garin nan, amma ban taɓa ganin inda masu ta'aziyya ke gabatar da kansu da rukunin jininsu ba sai a na Kaka. Mace za ta shigo ta durƙusa gaban Hajja, kakata, ta yi addu'a, in an tambaye ta daga ina take sai ta ce, "Ni ce O ɗinsa ta makarantar 'yan mata." A rumfar maza da ke ƙofar gida ma haka abin yake, in ji kawunnaina. Wani ya ce shi ne B ɗinsa na Tashar Bama, wani ya ce shi A ne, ubansa ma A ne, kuma dukansu biyun tsohon ne ya kamo su. Masu keke suka jera kekunansu tun daga bakin layinmu na Maisandari har kwana, mai kawo ruwan leda ya rasa ta inda zai kutso.

Matan coci sun zo cikin zannuwansu iri ɗaya, suka zauna gefe shiru, aka miƙa musu dabino suka karɓa. Wani mai sayar da busasshen kifi, ƙato da shi, ya yi kuka har da majina, yana cewa shekara guda tsohon ya yi yana binsa kafin ya yarda a tsira masa allura, yanzu wa zai riƙa binsa. Wata matashiya da goyo a baya ta riƙe hannun Hajja ta ce, "Jinin da ke yawo a jikina ya kwana a firij ɗinsa." Daga faɗar haka aka matsa mata ta zauna.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dariya. Kowa ya fara ba da labarinsa da hawaye, kafin ya kai ƙarshe sai ka ji an tuntsire. Wata gwaggona ta tashi za ta tsawatar, Hajja ta ɗaga mata hannu.

"Ƙyale su. Wanda ya zauna da shi bai yi dariya ba, to bai zauna da shi ba."

Ciwo ne na 'yan kwanaki, ya cika bayan azahar a ɗakinsa, Hajja na gefensa. Ni ce babbar jikarsa, ɗiyar 'yarsa ta fari, kuma ni kaɗai ce a cikin zuri'arsa na yi aiki da shi a wuri ɗaya. Hoton da aka rataya a falo ya nuna wani dattijo mai farar hula ya kame kamar ba ya son magana. Ina tsoron ƙannena da 'ya'yanmu su tashi su ɗauka haka yake, shi ya sa nake rubuta wannan.

Kaka ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne. Da ya yi ritaya daga asibitin gwamnati ko wata biyu bai yi a gida ba, wani ƙaramin asibiti kusa da unguwarmu ya roƙe shi ya riƙe musu ɗakin ajiyar jini. A ɗakin akwai firij guda, dogo, mai ƙofar gilashi, kuma ba na jin ya taɓa kallon wani daga cikin jikokinsa yadda yake kallon firij ɗin nan. Jini yana son sanyi daidai wa daida. In ya yi ƙanƙara ya lalace, in ya ɗumama ya lalace. Kowa kuma ya san zafin Maiduguri da halin wutar lantarkinmu, balle shekarun da aka yi garin na cikin duhu. Yakan ce, "Mai jini ya bayar ya tafi, mai karɓa bai iso ba tukuna. A tsakaninsu ni ne." Yakan kuma ce jini ba ya jiran kowa ya gama shan shayi, alhali shi kansa shayi ne abincinsa.

Sunan mutum yana ɓace masa, rukunin jininsa kuwa ko a mafarki. Sai mu shiga kasuwa ya hango wani daga nesa ya ɗaga murya da gaisuwar mutanen Borno, "Wushe, O ɗina, yaushe za ka leƙo ni?" Duk wanda ya ba da jini sai ya zaunar da shi ya haɗa masa shayi mai kauri da hannunsa, ya tsare shi da ido har ya shanye. Akwai wani ɗalibi da ya zo bayarwa, Kaka ya duba idonsa ya ga shi ma jinin bai ishe shi ba. Bai ɗiba ba, ya kora shi gidanmu da saƙon a ba shi tuwo da miyar kuka. Ɗalibin nan ya ci abincin Hajja har ya gama karatu.

Amma firij ɗin ya ɗaure shi kamar akuya a turke. Biki ko suna, in dai wajen gari ne, ba ya zuwa. Na cikin gari ma yana zaune yana duba agogo, kafin a kawo abinci ya sulale. Sallar Juma'a a masallacin da ya fi kusa da asibiti yake yi, a sahun baya, don ya riga kowa fita. Na taɓa tambayar Hajja ko tun asali haka yake. Ta ce a'a. Tun suna da ƙuruciya, wata rana a tsakiyar bazara ya dawo gida bai ci abinci ba, ya ce ya buɗe firij ya tarar jinin ya ɗumama a daidai lokacin da ake nemansa a ɗakin haihuwa. Bai faɗa mata abin da ya biyo baya ba, ita ma ba ta tambaya ba. Tun daga ranar ya zama mai gadin firij.

Har aikin Hajji ya sha a kan haka. 'Ya'yansa suka nema musu kujera shi da matarsa, ana gab da tashi ya ce ba shi da wanda zai bar wa ɗakin. Ta tafi ita kaɗai ta dawo da haƙorin Makka, ta riƙa tsokanarsa a gaban baƙi: "Ni Hajja, mijina Malam." Yana dariya, amma mun san abin na cinsa. Aka sake nema masa, ya sake zillewa. A shekarar da nake ba da labari likitansa ya gaya wa mahaifiyata a fili cewa gwiwoyinsa da zuciyarsa ba za su ƙara ba shi wasu shekaru masu yawa ba, in zai tafi to bana ne. Duk gidan muka san ko dai a raba shi da firij ɗin nan a wannan karon, ko ya koma ga Allah bai ga Ka'aba ba.

A lokacin na gama karatun kwamfuta, asibitin ya ɗauke ni in kula da babbar kwamfutarsu da ake kira saba, wadda ke riƙe da rumbun bayanan marasa lafiya. Tana wani ɗan ɗaki bayan ofishin karɓar kati, tana cin batirin sola ita da na'urar intanet, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta kashe su. Ina cikin leƙe-leƙena na gano cewa firij ɗin Kaka yana da ma'aunin sanyi mai waya, kuma a kai a kai yana rubuta abin da ya auna a cikin rumbun. Ba mai dubawa. Shi Kaka ya fi yarda da idonsa da bayan hannunsa.

Na same shi yana tace shayi na ce, "Tsoho, in na sa kwamfutar can ta riƙa aiko maka imel da kanta duk lokacin da firij ɗinka ya fara ɗumi, za ka tafi Makka?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Injiniya, ke da ko ruwan zafi kika ɗora sai ya ƙone?"

"Ba girki na tambaye ka ba."

"Da kanta? Ba mai danna mata?"

"Ba mai danna mata."

Ya ajiye rariya. Na zaci zai kore ni, sai na ga ya ɗauki kujerarsa ta roba ya ce in wuce gaba. Tun daga ranar ya tare a ɗakin saba, ya hana ni sakat. Dattijon da ko hoto bai iya turawa a waya ba ya zama ɗalibin da ya fi kowa tambaya, kuma ba ya barin abu sai ya mayar da shi harshen da zai gane. Na ce rumbun bayanan yana da sashen aika saƙo amma a kashe yake zuwa, sai an kunna shi. Ya ce wato ɗan aike ne da ke barci. Na buɗe wa sabar akwatin imel nata na kanta, na ba ta adireshin gidan da ke fitar da saƙonni da kalmar sirri, ya ce to an yi mata rajista a gidan waya. Da na zo kan lambar ƙofar da saƙon zai bi, ya tambaye ni ƙofofi nawa ne gidan. Na ce dubbai. Ya girgiza kai ya ce wannan gida ɓarayi sun ji daɗinsa.

Muka aika saƙon gwaji, shiru. Muka sake, shiru. Na duba na ga saƙonnin sun yi layi a cikin sabar sun kasa fita, katangar tsaron asibitin ta toshe ƙofar. Ranar na kusa fasa allon, don ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Kaka kuwa ko a jikinsa, yana ta zuba min shayi yana cewa ɗan aike ya isa shingen bincike ne, a nuna musu takarda su buɗe. Na buɗe ƙofar, saƙonnin suka fice, amma wayarsa ba ta yi ƙara ba. Sai can na tono su a akwatin tarkace, inda ake jefa saƙonnin 'yan damfara. Wannan ya ɓata masa rai ƙwarai. Ya ce ɗan aikensa ne za a haɗa da 'yan damfara, ya sa na gyara a take.

Ranar da saƙo ya shigo daidai, da hantsi ne. Wayarsa ta yi ƙara a aljihun gaban rigarsa, ya zaro ta, ya karanta, ya miƙe tsaye har kujerar ta kife.

"Ya iso. Injiniya, wallahi ya iso."

Ya fita da wayar a sama yana nuna wa duk wanda ya ci karo da shi, masu jiran kati, mai shara, wata tsohuwa da ta zo awon hawan jini ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ya kutsa ɗakin gwaje-gwaje wajen Sista, mataimakiyarsa, wata mata daga kudancin Borno da suka daɗe suna aiki tare, yana cewa ta zo ta ga kwamfuta ta rubuto masa wasiƙa. Sista ta ce, "Baba, a hankali, kar ka faɗi mu rasa wanda zai nemo mana jini."

Daga nan na rubuta wa sabar umarnin ta riƙa duba ma'aunin a kai a kai, in ya haura iyakar da Kaka ya yanka ta aika saƙo gare shi, da Sista, da babban likita, da ni. Bai yarda da bakina ba. Ya zaro kan ma'aunin daga firij ya danna a hammatarsa, ya tsaya yana kallon wayoyinmu da muka jera a kan tebur. Da suka ɗauki ƙara gaba ɗaya sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya mayar, ya jira ya yi sanyi, ya sake zarowa ya tsoma a kofin shayi. Ranar sai da babban likita ya aiko a roƙe shi ya bari haka nan, yana duba marasa lafiya wayarsa ta hana shi.

Sai ya karanta saƙon a tsanake, fuskarsa ta canza. Abin da na rubuta gajere ne: firij ya yi ɗumi, a duba.

"Wa ya rene ki?" in ji shi.

"Kai da matarka."

"Mu muka koya miki ki faɗo wa babban likita ka ba sallama? Wannan ai ba saƙo ba ne, jifa ne."

Na ce na'ura ce, ba wanda zai ji haushin na'ura. Ya ce na'urar a ɗakinsa take aiki, da sunansa za ta yi magana, kuma shi bai taɓa aiken ɗan da bai iya gaisuwa ba. Ya zauna ya yi min shifta. A taken saƙo, sallama cikakkiya. A ciki, nda watu, wato ina kwana irin ta mutanen Borno, ya gida, ya iyali, ya aiki, ya zafi, da fatan kowa kalewa, wato lafiya lau. Bayan duk wannan sai a ce, bayan gaisuwa, ana sanar da ku cewa firij ya yi ɗumi. Na yi ta mita ina bugawa. Ya ƙara da cewa kullum da safe sabar ta aiko da irin wannan gaisuwar ta ce komai lafiya, don in wata safiya ba a ji ta ba a san ita ma ba ta da lafiya. Wannan shawarar tasa mai kyau ce, ban yi musu ba.

Saƙon safiyar nan ya zama abin so a asibitin. Babban likita ya ce a duk imel ɗin da ke shigo masa shi kaɗai ne ke tambayar iyalinsa. Sista takan amsa wa sabar da "Lafiya lau, mun gode Ubangiji," ko da na gaya mata ba mai karantawa. Kaka ya fara zama a gida har ya gama karin kumallo. Hajja ta ce ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, mijinta yana tauna abinci.

Da ta ga haka sai ta ce a gwada shi da tafiya. Ana sunan jikan ƙaninta a Konduga ranar wata Lahadi, ta ce ƙafarta ƙafarsa. Ya shiga mota yana waiwayen asibiti, amma ya tafi, muka yi ta murna a gida kamar an yi mana bushara.

Da rana tsaka aka ɗauke wuta, janareto ya tashi, amma makunnin da ke juya layin ɗakin jini ya maƙale. Fitilun asibiti na ci, firij a mace, ba wanda ya lura. Sabar ta yi aikinta, ta aika mana saƙo mu huɗu. Ni ina wanki, na leƙa fuskar waya na ga sallama da ya gida ya iyali, na ce yau kuma gaisuwar ta makara, na ci gaba da wankina. Sista tana coci, ta gani ta mayar jaka. Babban likita ma haka. Mutum ɗaya ne a duniya da ke karanta saƙon nan har ƙasa kullum, shi kuma yana Konduga inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Sai da aka zauna cin abinci saƙon ya shigo masa. Hajja ta ce ta ga ya miƙe da loma a hannu.

Ya kira Sista. Ta fito daga coci da zanen zumuntar mata a jikinta, ta tari keke, ta biya wajen masu ƙanƙara, ta kwashe jinin zuwa kuloli kafin mai gyara ya iso. Yawanci ya tsira. Ledojin jini biyu da ke can sama a cikin firij sun wuce iyaka, kuma Kaka da ya iso da la'asar shi ya zubar da su da hannunsa. Ba wanda ya rasa jini a ranar, Allah Ya rufa asiri. Amma ya fito ya ce da Hajja a gaban kowa a mayar wa 'ya'yansa kujerar Hajjin da suka biya masa bana, ba inda za shi.

A nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce sabar ba ta yi laifi ba, gaisuwarsa ce ta binne maganar, a cire ta kowa ya huta. Ya ce ba gaisuwa ce ta yi laifi ba, mutanen da ake gaisarwa ba sa tsayawa su ji ƙarshen magana ne. Na ce to ya zauna da ladabinsa jini ya yi ta lalacewa. Ya ce in fita masa daga ɗaki. Na fita na buga ƙofa. Muka yi kwanaki in na gaishe shi sai ya amsa wa bango, ni kuma na daina kai masa ƙosai. Raina ya ɓaci sosai, don ina ganin Makka tana kuɓuce masa a kan ya gida ya iyali.

Hajja ce ta gaji da mu. Ta kira ni gidan, ta zaunar da ni a tabarma kusa da shi, tana gyaran zogale ba ta ko kallonmu.

"Malam, shekarar da rumfar maƙwabtanmu ta kama wuta, kai ka fara gani. Sallama ka yi musu?"

Ta ci gaba ba ta jira amsarsa ba.

"Daga bakin titi ka taho kana kururuwa, hularka a hannu. Har akuyarsu ka taka."

"Amma da aka kashe wutar na gaishe su," in ji shi.

"To."

Ya daɗe yana kallon ƙasa, sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa. Ya juyo gare ni. "Injiniya, taken saƙon nan, shi ne bakin titi?"

Na ce shi ne.

"To a yi kururuwar a can. In mutum ya buɗe ya shigo ciki, a gaishe shi kamar ɗan mutane."

Washegari muka gyara. Taken ya koma GAGGAWA, FIRIJ YA YI ƊUMI, da manyan baƙaƙe, sallama da gaisuwa suka koma ciki ba a rage ko ɗaya ba. Na safiya kuma takensa ya zama lafiya lau. Na sa sabar ta riƙa maimaita kururuwar har sai sanyi ya dawo, sannan ta aiko ta ce an daidaita. Ya sake danna ma'auni a hammata, wayoyi suka ɗauka, ya yi ta murna kamar ranar farko.

Duk da haka bai ce zai tafi ba. Ya koma cewa ai ko a Makka saƙon zai riƙa iso masa, in ya ga wani abu sai ya kira. Ya sa na nuna masa yadda zai samu intanet a can. Sista tana jera kwalabe tana jinmu, sai ta ajiye ta juyo.

"Baba, in faɗa maka gaskiya? Ba na'urar ce ba ka yarda da ita ba. Mu ne. Na bar coci da gudu na kwashe jinin nan, ko sannu ba ka ce min ba, ledoji biyun kawai ka gani. Ka je gaban ɗakin Allah kana duba waya, mu kuma a nan mu zama gumaka."

Ban taɓa jin wani ya yi masa magana haka ba. Na jira ya fashe. Sai ya ɗauki butarsa ya fita alwala alhali lokacin salla bai yi ba. Da yamma aka ga ya aika wa Sista ƙullin dabino da ganyen shayinsa mai tsada, wanda ko Hajja ba ya ba ta.

Ana gobe za su shiga sansanin alhazai ya zo ɗakin saba da sabuwar jakarsa a kafaɗa, wai yana gwada ta. Ya ce in buɗe masa wurin da aka rubuta waɗanda saƙo ke zuwa musu. Na buɗe. Adireshinsa ne na farko. Ya sa yatsa a kan allon.

"Cire ni."

Na ce, "Kaka, ka tabbata? Ko na safiyar in bar maka?"

"Duka. Sa Sista a sama."

Na goge. Na kasa ɗagowa in dube shi. Ya dafa kaina ya ce ashe dai akwai abin da na iya ban da ƙona ruwa, ya fita. Ta gaban ɗakin jini ya wuce, ina kallonsa ta taga, bai shiga ba.

Yana can sabar ta yi kururuwa sau ɗaya, ranar wata Juma'a ana tsakiyar huɗuba. Kafin in ɗaura ɗankwali in iso, Sista ta riga ta juya layin da hannunta, saƙo na biyu ya shigo cewa an daidaita. Ko leda ɗaya ba ta taɓu ba. Muka rungume juna a gaban firij muna tsalle kamar yara, muka yi alkawarin ba wanda zai gaya masa ta waya, sai ya dawo mu ba shi labarin tare mu ga fuskarsa.

Ya dawo ya rame ya yi baƙi, muryarsa ta dushe, yana ta walwala. Gidan ya cika. Hajja ta ce masa "Alhaji" a gaban jama'a, ya ce ta maimaita bai ji ba, ta maimaita har sau uku. Ni da Sista muka kutsa muka durƙusa gabansa, labari na cin bakinmu. Ya ba mu zamzam a ƙaramin kofi, ya tambayi Sista yaranta da mai gidanta, ya tambaye ni ko na sami miji a bayansa. Muka jira ya tambayi firij. Ya shiga ba mu labarin wani Bature mai jan gemu da suka yi ɗawafi tare.

Na kasa daurewa na ce, "Kaka, ba za ka tambaye mu ɗakinka ba? Akwai labari fa."

Ya dubi fuskata, ya dubi ta Sista, ya yi murmushi.

"Ku riƙe abinku. Ɗakin Sista ne."

Bai ƙara tambaya ba har ya bar duniya, mu kuma ba mu taɓa ba shi labarin ba.

Ya Allah, bawanKa ne da ya tsare amanar mutanen da bai san sunansu ba, ya kuma miƙa ta da hannunsa tun yana da rai. Ka gafarta masa, Ka karɓi Hajjinsa, Ka ba Hajja haƙurin zaman gidan da ba shi.